Hasumiyar Gobarau, Jagorar Matafiyan Tudu

Mutanen bakin teku da na manyan tafkuna suna da al'adar gina doguwar hasumiya su kunna fitila a bisanta, domin matuƙan jiragen ruwa su hango ta da dare su san inda gaɓa take. Wadda ta fi shahara ita ce ta Iskandariyya a ƙasar Masar, wadda aka gina wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonta ya kai mita 100, daga baya girgizar ƙasa ta rushe ta. Larabawa suna kiran irin wannan hasumiya da ta masallaci da suna guda, watau manara, wurin haske.

Mu a Kazaure, masuntan dam ɗinmu ba su taɓa bukatar irin wannan gini ba, don daga tsakiyar ruwa suna ganin duwatsun gari. Amma kakanninmu fatake suna da nasu tekun, watau daji da hamada, jiragensu kuwa raƙuma ne da jakuna. Ɗaya daga cikin hasumiyoyin da suke hange ita ce Gobarau ta birnin Katsina.

Masana tarihi suna danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, Sarkin Katsina na farko Musulmi. Asalinta hasumiyar babban masallacin Juma'a ce, masallacin kuma ya zama makarantar da almajirai ke zuwa daga nesa neman ilmi. Da ƙasa aka gina ta, tana da faɗi daga gindi, tana tsukewa hawa-hawa, ga matakala har bisa. Tsawonta a yau kimanin mita 15 ne. Ladan ya hau ya kira salla, mai tsaro ya hau ya hango ƙurar mahara tun kafin su iso ganuwa, baƙo kuma ya hango ta ya san ya iso. Bayan jihadi, Sarki Ummarun Dallaje ya gina sabon masallaci, Juma'a ta tashi daga Gobarau, masallacin ya zube, hasumiyar ta saura.

Tana da 'yar'uwa a Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sabunta a 1844. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Abin lura shi ne, ta Iskandariyya da dutse aka gina ta, ta faɗi. Namu na ƙasa ne, suna tsaye, saboda kowane zamani an sami masu yi musu yaɓe. Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Damina kaɗan ta isa ta cinye abin da ya shekara ɗaruruwa. Tsofaffin soraye da zauruka na Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura su ma yaɓen suke jira, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi: siminti ba maganinsu ba ne, maginan gargajiya za a nema tun suna raye.

Allah Ya sa mu bar wa na baya abin da za su hanga.