Asalin Wasan Kwaikwayon Makaranta

Idan azumi ya kwana goma a Bagwai da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, za ka ga yara bayan shan ruwa sun fito tashe gida gida. Wani ya manna gemun auduga ya dogara sanda, ya zama tsoho. Wata yarinya ta sa babbar riga da hula ta zama maigida, 'yar'uwarta ta zama amarya, sauran na yi musu amshi. Matan gida su yi dariya, su ba da hatsi. A cikin dariyar nan ake tuna wa miji hakkin matarsa, a kunyata marowaci. Ka ga ke nan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da boko ya kawo shi ne rubuta wasa da kuma dandamali.

A shekarun 1930 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, wanda ya shugabanci ofishin talifi na Zariya, ya ɗauki labaran gargajiya ya tsara su cikin wasanni shida don 'yan makaranta. Daga nan ɗalibai suka ga ashe abin da suke yi a dandali ana iya sa shi a takarda, kowa ya haddace nasa.

Cikin waɗanda suka kama abin da hannu biyu har da Malam Aminu Kano. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake tsara wasanni, da ya zama malami a Midil ta Bauchi kuma ya ci gaba da sa yaransa suna yi. Wasanninsa kan sa a yi dariya, amma zalunci da cuta da ha'incin 'yan kasuwa yake suka. Shi kuwa Abubakar Tunau, can ƙasar Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa, aka buga a 1949, don jawo hankalin jama'a ga tsafta da kiwon lafiya. Bayansu Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Jatau Na Kyallu, wanda ɗalibai masu yawa suka karanta a aji.

Da rediyo da talabijin suka kafu a Kaduna, sai wasa ya bar zauren makaranta ya shiga gidaje. Aka san Usman Baba Pategi da wasansa Samanja Mazan Fama, aka san Kasimu Yero. A 1979 Umaru Ɗanjuma Katsina ya buga Kulɓa Na Ɓarna, labarin wani mai kuɗi da ya yaudari 'yar makaranta. A nan makaranta ta tashi daga wurin yin wasa ta zama abin da ake wasan a kansa. A Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV, wanda yau ake kira ARTV, 'yan wasa suka sami fili.

Ba mu kaɗai muka gane amfanin yin wasa a kan makaranta ba. A Japan an fara wani wasan talabijin mai suna Kinpachi-sensei a 1979, kan wani malami da ɗalibansa, aka yi ta dawo da shi har 2011. Wani kuma, Gokusen, ya fito a 2002: malama ce ta ɗauki ajin kangararrun samari tana gyara su, ana dariya ana ɗaukar darasi.

To, ka ji asalin wasan kwaikwayon makaranta. Malamai ne suka reno shi, don sun san yaro ya fi riƙe abin da ya gani ya yi dariya a kai fiye da abin da aka faɗa masa da bulala. Saboda haka malamin da ke da ƙungiyar wasa a makarantarsa, ko a Bagwai ko a Bichi, kada ya bar ta ta mutu. Ya ba yara dama su tsara wasa kan satar amsa da makara da cire yarinya daga aji, iyayensu su zo ranar rabon kyaututtuka su gani.