Daga Richie Benaud zuwa Harsha Bhogle: Wa ke biyan mai sharhin kurket?

Ranar Lahadi, 1 ga Fabrairun 1981, mutum sama da dubu hamsin suka cika filin kurket na birnin Melbon don kallon karawar Ostireliya da Niyu Zilan. Wasa ya zo ƙarshe, saura jifa ɗaya tak, baƙi kuma suna neman maki shida kafin su yi kunnen doki. A kurket da wuya a samu maki shida a bugu ɗaya sai mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama ta tsallake iyakar fili ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Kyaftin ɗin Ostireliya, Greg Chappell, ya matso kusa da mai jifa, wanda ƙanensa ne Trevor, ya umarce shi da ya mirgina ƙwallon a ƙasa maimakon ya jefa ta yadda aka saba. Dokar wannan gasar ba ta hana ba, amma kowa ya san ƙwallon da ke mirgine a ƙasa ba ta ɗaguwa. Brian McKechnie ya tare ta, ya yi wurgi da sandarsa cikin fushi, 'yan kallo kuwa, yawancinsu 'yan gida, suka yi wa ƙungiyarsu ihu.

Bayan an tashi, kyamarar tashar Channel Nine ta koma kan Richie Benaud. Shi ɗan Ostireliya ne, tsohon kyaftin ɗinta, kuma tashar da ke biyansa albashi da nasarar Ostireliya take kasuwa. Ya dubi kyamara ya gaya wa mutanen ƙasarsa cewa abin da suka gani abin kunya ne, cewa kyaftin ɗin ya yi kuskuren lissafin masu jifansa ne sannan ya nemi mafaka a wannan dabara, kuma yana cikin mafi munin abubuwan da ya taɓa gani a filin kurket. Bai ɗaga murya ba. Ian Chappell, yayan Greg da Trevor, wanda shi ma mai sharhi ne a tashar, ya fito fili ya soki ƙannensa. Ba a daɗe ba aka haramta irin wannan jifa a wasannin yini ɗaya.

Har yau idan masoya kurket suna gardama kan son kai a bakin masu sharhi, da wannan maraicen suke awo.

Sharhin kurket a talabijin ya fara ne a Yunin 1938, lokacin da BBC ta nuna karawar Ingila da Ostireliya daga filin Lord's na Landan, da muryar Teddy Wakelam. Shekara kusan arba'in bayan nan abin bai sauya sosai ba: tashoshin gwamnati, kyamarori 'yan kaɗan a gefe ɗaya na fili, da dattawa masu magana a hankali. A wannan makarantar Benaud ya yi karatu. Tun yana ɗan wasa, bayan rangadin Ingila na 1956, ya tsaya a Landan ya yi kwas ɗin talabijin a BBC, ya kuma yi aikin ɗauko labaran 'yan sanda a wata jarida a Sidni. Ya buga manyan wasannin kwana biyar 63, ya fitar da masu bugu 248, kuma Ostireliya ba ta taɓa faɗuwa a jerin wasanni ba a ƙarƙashin jagorancinsa. Amma da ya zauna gaban makirfo, aikin jarida ya ɗauke shi, ba hutun tsohon ɗan wasa ba.

Ƙa'idojinsa sanannu ne. Idan ba ka da abin da za ka ƙara a kan hoton da mai kallo ke gani, ka yi shiru. Kada ka ce “mu” idan kana nufin ƙungiyar ƙasarka. Kada ka kira faɗuwar ƙwallo daga hannun mai cafka bala'i, domin bala'i shi ne nutsewar jirgin Titanic ko yunwar Habasha. Ta biyun ce ta fi ba mutane mamaki. Mutumin da ya jagoranci Ostireliya ya shekara fiye da arba'in yana sharhi a Ingila, daga BBC zuwa Channel 4, har ya yi ban kwana da su a filin Oval a 2005, kuma Turawan Ingila suka riƙe shi tamkar nasu.

Wanda ya juya harkar shi ne attajirin kafafen yaɗa labarai Kerry Packer, mai Channel Nine. A 1976 ya yi wa hukumar kurket ta Ostireliya tayin dalar ƙasar miliyan ɗaya da rabi don shekara uku. Hukumar ta ƙi, ta bar wa tashar gwamnati ABC a kan dala 210,000. Packer ya fusata, ya ɗauki fitattun 'yan wasan duniya a asirce, da taimakon kyaftin ɗin Ingila Tony Greig, ya kafa gasarsa a 1977. Daga nan aka samu wasan dare ƙarƙashin fitila, farar ƙwallo, riguna masu launi, kyamara a kowane ɓangare da makirfo kusa da sandunan da mai bugu ke karewa. A 1979 hukumar ta saduda, ta miƙa masa haƙƙin nuna wasanni.

Packer ɗan kasuwa ne, kuma ya san kishin ƙasa na sayar da talla. Saboda haka ɗakin sharhinsa bai rasa son kai ba. Bill Lawry, wani tsohon kyaftin kuma mai kiwon tantabaru, kan yi kururuwa duk lokacin da aka fitar da ɗan wasan baƙi, musamman idan mai jifan ɗan jiharsa ta Victoria ne. Sai dai a gefensa akwai Greig, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ke goyon bayan duk wanda ke karawa da Ostireliya, yana kuma ƙaunar Sri Lanka a fili. Ɗaya ya ja nan, ɗaya ya ja can, Ian Chappell ya faɗi abin da ya gani ko da zai ɓata wa hukuma rai, Benaud kuma yana tsakiya yana riƙe da linzami. Ni a ganina irin wannan son kai ba ya cutar da mai kallo. A fili yake, kowa ya san inda mai magana ya dosa, kuma ga wanda zai mayar masa da martani nan take.

Greig ya rasu a Disambar 2012, Benaud ya bi shi a Afrilun 2015. Kafin nan ma ɗakin ya cika da sababbin tsofaffin 'yan wasa, Shane Warne da Michael Slater da Ian Healy da Mark Taylor, mutum uku a makirfo lokaci ɗaya, kusan dukansu abokan juna, abokan kuma waɗanda ke cikin fili. Shiru ya ɓace. Ana jifa ana bugu, su kuma suna hirar abincin da suka fi so da tsofaffin labaran ɗakin sauya kaya. A ƙarshen 2014 har kyaftin mai ci, Michael Clarke, da yake jinyar rauni, aka zaunar da shi yana sharhi a kan ƙungiyar da yake shugabanta. A Fabrairun 2015 marubuci Geoff Lemon ya wallafa doguwar maƙala a jaridar Guardian yana zargin tashar da lalata gadon da aka bar mata, maƙalar kuma ta bazu ƙwarai domin ta faɗi abin da ke ran masu kallo da yawa. A 2018 Channel Nine ta rasa haƙƙin wasannin gida bayan shekara kusan arba'in, ya koma hannun Seven da Fox Sports. Abin takaicin shi ne Warne, idan ya mai da hankali, a lokacin ba a cika samun mai karanta zuciyar mai jifa kamarsa ba. Ilimin yana nan, wanda zai tsare shi a kan hanya ne babu.

Akwai kuma son kan da ya fi wannan muni, wanda ba na ƙungiya ba ne. A Agustan 2006, a Colombo, Hashim Amla na Afirka ta Kudu, Musulmi mai gemu wanda ya ƙi sanya tambarin kamfanin giya a rigarsa, ya cafke ƙwallo. Dean Jones, tsohon ɗan wasan Ostireliya da ke sharhi, yana zaton an tafi talla, ya kira shi ɗan ta'adda. Maganar ta fita. Tashar Ten Sports ta sallame shi nan take, ya nemi gafara, Amla ya yafe masa. Tashar ta yi daidai, kuma hukuncin bai yi mata wuya ba, domin laifin a fili yake.

Mai wuyar ganewa shi ne wanda ya taso a Indiya. Har farkon shekarun 1990 tashar gwamnati Doordarshan ce kaɗai ke nuna wasanni. Rikici kan gasar Hero Cup ta 1993 ya kai ga Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1995 cewa gwamnati ba ta da ikon mallake sararin watsa shirye-shirye ita kaɗai. Kuɗi suka kwararo. Hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ta zama mafi arziki a duniyar wasan, har ta sayar da haƙƙin nuna gasarta ta IPL na 2023 zuwa 2027 a kan fiye da dalar Amurka biliyan shida. Da ƙarfinta ya kai, ta karɓi aikin shirya hotunan wasannin gida da kanta, ta kuma riƙa ɗaukar masu sharhi kwangila. Ke nan wanda ya kamata a sa wa ido shi ne ke biyan mai sa idon, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A 2013 aka gayyaci Ian Chappell ya yi sharhin rangadin Ostireliya a Indiya. Da ya tambayi sharuɗɗa, aka ce kada ya taɓa zancen zaɓen 'yan wasan Indiya, ko harkokin mulkin hukumar, ko tsarin sake duba hukuncin alƙali da na'ura, wanda BCCI ke adawa da shi a lokacin. Ya ce ba zai iya aikinsa a haka ba, ya ƙi zuwa. Chappell yana da suna da wasu hanyoyin samu. Matashin mai sharhi ɗan Indiya da ba shi da wata kasuwa sai wannan fa?

Amsar ta zo a 2016. Ranar 23 ga Maris, a Bengaluru, Indiya ta doke Bangaladesh da maki ɗaya a gasar duniya ta gajeren wasa. Bangaladesh na neman maki biyu a jifa uku, ta yi asarar masu bugu uku a jere. A daren, jarumin fina-finai Amitabh Bachchan ya rubuta a Twitter cewa ya kamata mai sharhi ɗan Indiya ya fi yawan magana a kan 'yan wasan Indiya maimakon na baƙi. Bai kama suna ba, amma kyaftin Mahendra Singh Dhoni ya sake yaɗa saƙon yana nuna ya yarda, idanu kuma suka koma kan Harsha Bhogle. Shi Bhogle bai taɓa buga wa ƙasa wasa ba. Injiniya ne daga Hyderabad, ya fara da rediyo, ABC ta gayyace shi Ostireliya a rangadin 1991 zuwa 1992, da iya magana da sanin wasa ya kai inda ya kai. Ya amsa cikin ladabi a Facebook cewa sharhin Turancin da suke yi yana zuwa ƙasashe da dama, har da Bangaladesh, kuma waɗancan masu kallo su ma suna da haƙƙi. Bayan 'yan makonni, ana gab da fara IPL, aka soke kwangilarsa. Hukumar ba ta bayyana dalili ba. Jaridu sun ambaci ƙorafin wasu 'yan wasa, sun kuma ambaci wata cacar baki da ya yi da wani jami'i a filin Nagpur. Ko wanne ne, sauran masu sharhi sun fahimci saƙon. A 2020 Sanjay Manjrekar ma ya fita daga jerin masu sharhin hukumar, watanni bayan ya raina gwanintar ɗan wasan Indiya Ravindra Jadeja a lokacin gasar cin kofin duniya.

Ban ga laifin Bachchan a matsayinsa na mai kallo ba. Kowa na son a yabi nasa. Sai dai labarin wannan daren yana hannun Bangaladesh ne, ƙungiyar da nasara ta zo mata har baki ta zubar, kuma mai sharhin da bai tsaya a kan haka ba ya bar aikinsa.

Hukumar kurket ta duniya, ICC, ita ma ta gwada rufe bakin masu sharhi. Ranar 6 ga Yunin 2019, a filin Trent Bridge, ƙungiyar West Indies ta tsibiran Karebiyan ta kara da Ostireliya a gasar cin kofin duniya. Sau biyu alƙali ya fitar da Chris Gayle na West Indies, sau biyu na'ura ta soke hukuncin. A karo na uku ya fita, sai hoto ya nuna cewa a jifan da ya gabata mai jifa Mitchell Starc ya tsallake layi ƙwarai ba a gani ba, da an gani kuwa da jifan da ya fitar da Gayle ya zama na kyauta wanda ba a fita a cikinsa ta wannan hanya. Michael Holding, ɗan Jamaika, tsohon mai jifa mai tsananin sauri, ya ce a makirfo alƙalancin ya yi muni ƙwarai. Sai ga wasiƙa daga kamfanin da ke shirya wa ICC hotuna, tana tunatar da masu sharhi cewa aikinsu ba nuna kurakuran alƙalai ba ne. Holding ya mayar da amsa cewa hukumomi na ƙara ɗaure bakin masu sharhi har abin ya kai ga tace magana, ya kuma nemi a gaya masa ko ya wuce Cardiff don wasa na gaba ko ya koma gida. Wasiƙun suka fita a jarida, aka bar maganar, ya ci gaba da sharhi har ƙarshen gasar. Ya yi ritaya a 2021.