"Bari ta mutu tukuna": tarihin wata shawara

Duk wanda ya sayi sabuwar salula a Maraɗi ko Damagaram ya ji wannan magana: kar ka sa ta sharji sai batirin ya mutu ƙurmus, in ka sa kuma ka bar ta ta kwana. Masu faɗin haka ba ƙarya suka ƙaga ba. Shawara ce da ta yi daidai a zamaninta, zamanin ne ya wuce ya bar ta.

A 1899 wani ɗan Suwidin, Waldemar Jungner, ya ƙera batirin nikel da kadmiyom. Irinsa ne cikin Motorola DynaTAC ta 1983, wayar da ake sharjinta awa 10 don a yi magana minti 30. An lura cewa in ana yawan cika irin wannan batiri tun bai sauka ba, ƙarfinsa yakan ragu, kamar ya riƙe inda ya saba tsayawa. Nan ne asalin "bari ta mutu". Nokia 3310 da yayyenmu suka riƙe ma batirin dangin nikel gare ta, shi ya sa maganar ta iso mu da ƙwarinta.

Litiyom kuwa labarinsa da wuta ya fara. Stanley Whittingham ya gwada shi a kamfanin Exxon cikin shekarun 1970, amma ƙarfen litiyom zalla yakan tsiro ƴan ƙayoyi a ciki, su haɗa gefe biyu, abu ya kama. A 1989 kamfanin Moli Energy na Kanada ya janye batiransa bayan wata waya ta ƙone mai ita a Japan. John Goodenough ya kawo sinadarin kobalt a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya maye ƙarfen da kabon a 1985, Sony ta fitar da shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2019.

To wannan batiri halinsa daban. Saukarwa har sifiri na gajiyar da shi, zama cike dam cikin zafi ma haka. Ya fi daɗewa tsakanin kashi 20 da 80. Ku duba mu a watan Afrilu, zafi ya haura 40, waya na sharji ƙarƙashin matashi ko kan teburin mai sharji a rana. Kuma har manya na kuskure: Samsung ta janye Galaxy Note 7 a 2016 saboda gobara. Batirin da ya kumbura iska ce ta taru cikinsa, ba a huda shi, ba a danne shi, a cire a canja.

(Mu "sharji" muke cewa daga Faransanci, Kanawa "caji" daga Ingilishi. Kalma biyu, hanya biyu, amma tsohuwar shawarar iri ɗaya muka gada.)