Tasirin Gaɓar Teku a Filin Maganaɗisun Duniya

Tasirin gaɓar teku shi ne canjin da ake gani a ma'aunin filin maganaɗisun duniya kusa da bakin teku, saboda ruwan gishiri ya fi ƙasa da duwatsu saurin ɗaukar wutar lantarki. Masanin Ostireliya W. D. Parkinson ne ya yi bayaninsa a rubuce-rubucensa na 1959 da 1962.

Yadda yake faruwa

Filin maganaɗisun duniya ba ya tsayawa cak. Da rana, hasken rana yana sa lantarki gudana a saman iska, a tsayin kimanin kilomita 100 zuwa 110, guguwar rana kuma takan girgiza filin ba zato. Duk lokacin da filin ya sauya, sai ya haifar da gudun lantarki a cikin ƙasa da teku. Wannan lantarkin shi ma yana da nasa filin maganaɗisu, don haka abin da na'ura ke aunawa haɗin biyun ne.

Ruwan teku yana ɗaukar lantarki da ƙarfin siminz 3 zuwa 4 a kowace mita. Busasshen dutse irin na giranit kuwa yakan gaza haka sau dubbai. Saboda wannan bambanci, lantarkin yakan taru a gefen teku, yana bin gaɓa. A tashar da ke bakin ruwa, ɓangaren filin da ke duban ƙasa yakan yi tsalle fiye da kima, yana raguwa idan aka nausa cikin tudu. Parkinson ya nuna haka da kibiyoyi a kan taswira, waɗanda ke nuna inda abu mai ɗaukar lantarki yake. A gaɓa, kibiyoyin sukan dubi teku mai zurfi.

Zurfin da canjin ke kaiwa ya danganta da jinkirinsa. Canjin da ke ɗaukar awa ɗaya yakan raunana a cikin kilomita 15 zuwa 20 na abu irin ruwan teku, amma a dutse mai tauri yakan ratsa ɗaruruwan kilomita.

A ƙasar Hausa

Daura, a Jihar Katsina, tana kusa da layin digiri 13 arewa, nisan fiye da kilomita 800 daga Tekun Atilantika. A irin wannan nisa tasirin gaɓa ba shi da ƙarfi. Abin da ya fi tasiri shi ne bambancin da ke ƙarƙashin ƙasa, tsakanin tsoffin duwatsun da yawancin Katsina da Kano ke bisa kansu, da shimfiɗun yashi da laka masu riƙe ruwa na kwarin Chadi da na Sakkwato. Wannan bambancin ne masu haƙar rijiyar burtsatse ke amfani da shi idan suka kafa ƙarafuna suna auna ƙasa kafin haƙa.

Akwai kuma ilektrojet, wato zirin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke gudu zuwa gabas da rana a saman ikwatar maganaɗisu. Sydney Chapman ne ya raɗa masa suna a 1951. Zirin yana ratsa arewacin Najeriya kusa da Zariya, abin da ya sa yankin ya ja hankalin masu bincike. Cyril Onwumechili ya yi nazarinsa daga Jami'ar Ibadan, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1997. Rosemary Hutton, 'yar Sukotlan, ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, kuma ta yi fice wajen nazarin lantarkin da ke gudana cikin ƙasa. Daga 1992 zuwa 1994 an jera tashoshi goma daga Lamto a Kodebuwa zuwa Tumbuktu a Mali domin auna zirin.

Amfani da haɗari

Daga wannan ilimi aka samo hanyar binciken ƙarƙashin ƙasa da Andrey Tikhonov da Louis Cagniard suka gabatar a 1950 da 1953, wadda ake amfani da ita wajen neman ma'adinai da man fetur. Inda ƙasa ke ƙin ɗaukar lantarki kuwa, lantarkin guguwar rana yakan bi dogayen wayoyin wuta ya lalata taransifoma. Ranar 13 ga Maris 1989, hakan ya katse wutar lardin Kubek na Kanada na kimanin awa tara.