Kanwa, dakashi da awo: maganar wa mai ciki za ta kama?

Duk sa'ad da munka buɗe layi a rediyo kan zancen ciki da haihuwa, tambaya guda ke dawowa. Tsohuwa ta ce kaza, malamar awo ta ce kaza, maigida kuma ya bugo salula daga Abijan ko Libiya ya ce can ba haka ake yi ba. To, wa za a bi? Wannan gardama ta girme mu, kuma tana da tarihi.

Mu ɗauki kunun kanwa. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura mata da yawa na zuwa bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza. Sunka duba abin da mai jego ke yi cikin kwana arba'in: wanka da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Sunka ce gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Iyayenmu ba da mugunta sunka koya muna ba, so suke jiki ya yi ƙwari, nono ya kawo. Amma kyakkyawar niyya ba ta rage gishirin.

Sai dai zancen bai tsaya nan ba. A Yamai, Dokta Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin mata masu wannan ciwo, a 1992 sunka bayyana cewa wani sinadari da jiki ke samu daga cimaka, seleniyom, ya yi ƙaranci gare su. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya rage laifin da anka ɗora wa wankan jego, ya nuna rama da hawan jinin ciki. Kun gani, likita ma yana gyara maganarsa. Mu dai nan ne munka fi yarda da shi: ya auna, wani ya sake aunawa. Maganar "haka munka taras" ba mai komawa ya gwada ta.

Dakashi kuwa ba gardama. Nonon farko da ake tatsewa a zubar, wai ƙazanta ne, shi ne kariyar farko ta jinjiri.

A zamanin Tandja Mamadou gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, a 2006 ta ɗauke na awon ciki. Mun san ana fama da yankewar magani, mun san macen Barmu ko ta ƙauyukan Keita ba ta kusa da Tasigi kamar macen birni, kuma in maigida na bulaguro sai an jira izininsa. Duk da haka, a wurin awo ne ake ɗaura abin gwajin hawan jini a hannu, a ba da ƙwayar ƙarin jini, da Fansidar don masassarar cizon sauro, da allurar tsinkau-tsinkau. Ba tsohuwar da ke gane hawan jini da ido, ba kuma wanda ke gane shi ta salula.

Don haka 'yan uwa mata, in kai na sarawa ba ya saki, ido na ganin hazo, fuska da hannuwa sun kumbura, ko jini ya ɓalle, ko ɗa ya daina motsi, kada a tsaya jiƙa saiwa. A kama hanyar likita a ranar, ko da amalanke ne, a riƙo katin awo a hannu.