Tanda da Masa a Ƙasar Jega

Tun kafin fulawa da gidajen burodi su yawaita a Jega, wadda kasuwarta ta shahara tun ƙarni na 19, matan aure a cikin kulle suna tuyar masa da tanda, wato faranti na yumɓu mai gurabu da ake ɗorawa bisa murhu, yara kuma su fita talla. Ƙullun gero ko na shinkafar fadama ake kwanarwa ya yi tsami, a yanka masa albasa, wadda garin Aliero da ke kusa da Jega ya yi suna wajen nomanta. Daga baya tandar ƙarfe da yis suka gajarta aikin.