Daga Zariya zuwa Titin Kakawa: Yadda 'Yan Jaridarmu Suka Koyi Aiki a Bakin Aiki

A watan Janairun 1939 aka fitar da bugu na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Mutumin da aka ɗora wa nauyin zama editanta na Hausa, Malam Abubakar Imam, bai cika shekara talatin da haihuwa ba, kuma bai taɓa zama a ajin koyon aikin jarida ba. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina a 1932, ya ci gaba da koyarwa a Midil ta garin. Ko da ya so ya yi karatun aikin ma, a lokacin babu makarantar da ke koyar da shi a Nijeriya baki ɗaya, duk da cewa shekara tamanin ke nan da fara buga jarida a ƙasar, tun daga Iwe Irohin ta Abekuta a 1859.

To, ina waɗannan mutane suka koyi binciko labari da rubuta shi? Amsar tana da amfani a gare mu yau, domin kowane ɗayanmu yana dogara da aikin wani ɗan jarida wajen sanin farashin taki, da hukuncin kotu, da halin da hanyar da zai bi gobe take ciki.

Dalilin kafa Gaskiya shi kansa darasi ne. A ƙarshen shekarun 1930 ji-ta-ji-ta ta cika Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus domin ta lallashi Hitila. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga cewa sanarwar da take aikawa ta hannun hukumomin En'e ba ta isa ta kashe maganar ba, sai ta nemi jarida da harshen da mutane ke ji. Jaridar gwamnati ce, kuma gwamnatin tana da tata manufa. Amma matsalar da ta haife ta, wato yadda za a raba labari da ƙanzon kurege, ita ce matsalar aikin jarida a ko'ina.

Makarantar Imam ita ce teburin Dakta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi. Sun fara haɗuwa ta dalilin gasar rubutu ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja. A 1936 aka aro Imam daga Katsina ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, East yana duba abin da ya rubuta, suna tattauna shi, yana komawa ya gyara. Abin da East ya fi dagewa a kai shi ne a rubuta Hausa kamar yadda masu ita ke faɗarta, a guji jera kalmomin Hausa a kan ƙirar jimlar Turanci. Wannan horo na rubutu da gyara da sake rubutu shi Imam ya shiga ofishin jarida da shi. Sauran ya koya da hannu: tace wasiƙun masu karatu da ke zuwa daga larduna, da auna abin da za a iya bugawa a jaridar da gwamnati ke riƙe da ita a ƙasar da sarakuna ke da ƙarfi. A 1943 ya shiga ayarin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci, ofishin ya zama wurin da samarin Arewa da dama suka fara riƙe alƙalami.

A Ikko kuwa hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce ta Azikiwe, wanda ya kafa West African Pilot a 1937 bayan ya yi karatu a Amurka. Yakan ɗauki samari 'yan sakandare ya jefa su cikin aiki, wanda ya nuna ƙwazo ya ba shi jarida ya riƙe. Anthony Enahoro ya zama editan Southern Nigerian Defender a 1944 yana da shekara 21. Jaridun Zik makaman yaƙin neman 'yanci ne, saboda haka abin da suka fi koya wa yaransu shi ne ƙarfin hali da kaifin alƙalami.

Hanya ta biyu ta zo a 1947, lokacin da kamfanin Daily Mirror na Landan, ta hannun Cecil King, ya sayi Daily Times da ke Titin Kakawa. Turawan da aka turo sun zo da al'adar ɗakin labarai irin ta jaridun Ingila masu yawan ciniki: gajeren kanu, gajeriyar jimla, hoto babba, da mai tace labari wanda ba ya jin kunyar mayar wa ɗan rahoto takardarsa. Babatunde Jose, wanda ya shiga kamfanin a 1941 a matsayin ɗan koyo a sashen ɗab'i, ya zama edita a 1957. A zamanin shugabancinsa kamfanin ya buɗe cibiyar horar da ma'aikatansa, ya kuma fara ɗaukar masu digiri yana koya musu aikin daga tushe.

Me ake koyarwa a irin waɗannan ɗakuna? Abu na farko shi ne tambayoyi shida da kowane labari zai amsa: wa, me, ina, yaushe, ta yaya, kuma don me. Na biyu shi ne tsari. Mai ba da labari a zaure yakan faro daga farko, ya bi da mai sauraro sannu a hankali har ya kai ga abin da ya faru. Ɗan jarida kuwa da ƙarshen yake farawa: gada ta karye, mutum kaza sun rasu, sannan bayani ya biyo baya gwargwadon muhimmancinsa. Wannan tsari yana da dalili na aiki. A zamanin da ake jera haruffa da dalma, idan labari ya fi gurbin da aka ba shi, daga ƙasa ake yanke shi, don haka duk abin da aka ajiye a ƙarshe yana iya ɓacewa. Na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne tabbatarwa: a je wurin da abin ya faru, a ji daga bakin mutum fiye da ɗaya, a nemi wanda ake zargi ya faɗi nasa, a rubuta suna da lamba daidai, a kuma bayyana wa mai karatu daga ina maganar ta fito. Wannan na ukun ba baƙo ba ne a ƙasar da malamanta suka daɗe suna tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, kafin su karɓi magana.

Da 'yancin kai ya zo, sai aka ga koyo a bakin aiki kaɗai ba zai wadatar ba. Turawa editoci suna tafiya, sababbin jaridu da gidajen rediyo suna buɗewa, masu koyarwa sun yi kaɗan. A 1961 Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe Kwalejin Aikin Jarida ta Jackson, wadda aka sa wa sunan iyalin da suka riƙe Lagos Weekly Record. Jami'ar Ikko ta biyo baya cikin shekarun 1960. Amma digiri na ɗalibai ne masu zuwa. Wanda ya riga ya yi shekara goma yana kawo rahoto daga kotu, yana da iyali, ba zai ajiye aiki ya koma aji na shekara uku ba.

Wannan giɓi ne Cibiyar 'Yan Jarida ta Duniya, IPI, ta yi ƙoƙarin cikewa. A 1963 ta fara kwas na 'yan watanni a Nairobi domin 'yan jaridar da ke kan aiki, ta ba Tom Hopkinson jagorancinsa. Hopkinson ya san kuɗin da gaskiya ke ci: a 1950 an sallame shi daga editan mujallar Picture Post saboda ya dage sai ya buga rahoton yadda ake wulaƙanta fursunoni a Koriya ta Kudu, mai mujallar ya ƙi. Daga baya ya riƙe mujallar Drum a Afirka ta Kudu. Tsarin kwas ɗin mai sauƙi ne: a fita a samo labari, a dawo a rubuta cikin ƙayyadadden lokaci, a zauna a feɗe shi layi-layi. An yi irinsa a Ikko, kuma daga wannan tushe ne Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Nijeriya, NIJ, ta tsaya da ƙafafunta a 1971.

A Kaduna tsohuwar hanya ta ci gaba da aiki. Ranar 1 ga Janairun 1966 New Nigerian ta maye gurbin Nigerian Citizen, mako biyu kafin juyin mulkin farko. Malam Adamu Ciroma, ɗan ƙasa na farko da ya zama editanta, tarihi ya karanta a Ibadan, kuma daga aikin gwamnati aka ɗauko shi. A cikin ɗakin labarai ya koyi aikin, a lokacin da kuskuren layi ɗaya zai iya jawo asarar rai. Malam Mamman Daura, wanda ya gaje shi, shi ma daga aikin gwamnati ya zo. Martabar da jaridar ta samu a waɗannan shekaru ta nuna cewa mai ilmi mai zurfi yana iya koyon aikin cikin hanzari, muddin akwai ƙwararrun masu tace labari a kusa da shi.

Sai dai tarihin ya nuna iyakar horo. A 1984, a ƙarƙashin Doka ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda saboda rahoton da suka yi kan naɗin jakadu. Dokar ta hukunta har labarin da ya kunyata gwamnati, don haka tabbatar da magana bai isa ya kare mai ita ba. Haka kuma babu kwas ɗin da zai hana ɗan rahoton da ya yi wata shida ba albashi karɓar na goro a wurin taron manema labarai. Horo yana gyara hannu, amma ɗan jarida yana buƙatar doka mai kare shi da albashi mai riƙe shi kafin ya yi aiki da abin da ya koya.

A yau kayan aiki sun ƙaru. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Cibiyoyi irin su Cibiyar Wole Soyinka ta Binciken Ƙwaƙwaf suna horar da masu aiki kan bin sawun kasafin kuɗi da kwangila, Dubawa kuma tun 2018 tana koyar da tantance hoto da bidiyo da iƙirarin 'yan siyasa. Amma abubuwa biyu sun yi rauni. Na farko shi ne teburin edita. Bita ta kwana uku a otal tana da amfaninta, sai dai wanda ya dawo daga ita ya tarar babu mai duba rubutunsa kafin ya hau intanet zai koma gidan jiya cikin wata guda. Imam da Jose da Ciroma sun ƙware ne saboda kullum akwai mai mayar musu da takarda. Na biyu shi ne harshe. Yawancin horon da Turanci ake yin sa, alhali miliyoyin mutane da Hausa suke jin labari a rediyo da waya. Sakamakon shi ne ɗan jaridar Hausa yakan zama mai fassara rahoton da wani ya binciko, jimlolinsa kuma su fito da ƙirar Turanci, abin da East da Imam suka yi ta yaƙi da shi tun 1936.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar jami'a. Gidan rediyo ko jaridar intanet da ke da 'yan rahoto biyar tana iya ware gogaggen mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne ya karanta kowane labari kafin ya fita, ya tambayi mai shi wa ya gaya masa, da wa kuma ya tabbatar, sannan su gyara Hausar tare. Masu shirya bita su ma suna iya gudanar da ita da Hausa, da misalai daga kotun majistare da kasuwar hatsi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu masu karatu kuma muna da namu rabon: kafin mu tura labari gaba a WhatsApp, mu duba ko ya faɗi daga ina ya fito, ko kuma an nemi jin ta bakin wanda ake magana a kansa. Ji-ta-ji-tar da ta sa aka kafa Gaskiya a 1939 da ƙafa take yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, ta yau kuwa cikin minti kaɗan take isa Maraɗi daga Kano.